Harafi ɗaya, Sinawa na tafiya da shi, Japanawa na gudu: wa ya sauya?

Ɗan_Kwari: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu Sinanci da Japananci na cikinmu. Wata shida ke nan ina koyon Sinanci saboda harkar yadi. Kun san yadda kasuwa ta koma, in ba ka jin abin da mai kaya ke raɗa wa yaronsa, to kai ne kayan. An koya mana harafin 走, ana karanta shi zou, aka ce ma'anarsa tafiya da ƙafa. Jiya ina kallon wata gasa ta Japan a waya, sai ga harafin nan sak a ƙasan hoton, mutane kuwa na sheƙa gudu kamar an biyo su. Na tambayi ƙanena da ke karatu can, ya ce a wurinsu harafin gudu ne, hashiru. To wa ya yi kuskure? Japanawa ne suka ara suka karkatar, ko malaminmu ne ya rage mana wani abu?

Sarkin_Zolaya: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba sai an kira malami ba. Mutanen da in jirgin ƙasa ya makara da minti ɗaya sai an ba su haƙuri, ko tafiya ka ara musu, kafin su dawo maka da ita ta zama gudu.

Ɗalibin_Wuhan: Alhaji, babu wanda ya yi kuskure. Amma in dole sai an ce wani ya sauya, to masu harafin ne suka sauya, baƙin suka riƙe na asali. A tsohon Sinanci zou gudu ne. Akwai wani littafin bayanin kalmomi na ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200 miladiyya, da ya jera su kamar matakala: tafiya a hankali ita ce bu 步, in an ɗaga ƙafa ta zama qu 趋, in an ƙara mata wuta ta zama zou 走. Kamar dai mu ce taku, sassarfa, gudu. Daga baya wata kalma, pao 跑, ta zo ta karɓe gudun, zou ta sassauta ta koma tafiya. Lokacin da Japan ke kwasar rubutu da ilimi daga Sin, musamman zamanin da take tura tawagogi fadar daular Tang daga shekarar 630, harafin bai riga ya huce ba. Da guminsa suka ɗauke shi.

Ummu_Nagoya: Ƙanena na Wuhan, bayaninka ya yi, sai dai gyara kaɗan. Kalmar hashiru ba aro ba ce, tasu ce ta gado. Harafin kawai suka ara suka ɗora mata, kamar yadda kakanninmu suka ɗauki haruffan Larabci suka rubuta "gudu" da ajami, kalmar kuwa tana nan Bahaushiya. Inda aron lafazin Sinanci yake shi ne cikin haɗaɗɗun kalmomi, a nan ana karanta harafin sō: tōsō tserewa, dassō gudu daga sansani ko kurkuku, kyōsō tseren gudu. Ina jin wannan ta ƙarshen ka gani a hoton, Alhaji. Tafiya da ƙafa kuma aruku ce, da harafin 歩.

Ɗalibin_Wuhan: Na karɓi gyara, Yaya. Kuma kin tuna min abin dariya. Haruffan nan biyu da Japanawa ke karantawa kyōsō, tseren gudu, in ka kai su Beijing jingzou ne, wato tseren tafiya, wasan nan da ake murguɗa ƙugu, dokarsa kada a ga ƙafa biyu sun bar ƙasa lokaci guda. Ɗan wasan Japan ya bi allo a Sin ya shiga jingzou da gudu, tun taku na uku za a kore shi.

Tsohon_Hedimasta: 'Ya'yana, ina biye da ku. Amma ni tsohon malami ne, ba na karɓar "a da can haka yake" sai da misali. Ina jimla ɗaya ta tsofaffinsu da ke nuna zou gudu ne?

Ɗalibin_Wuhan: Baba, ga ta, kuma duk yaron sakandare a Sin ya san ta. Mengzi, malamin da ya rayu a ƙarni na 4 kafin miladiyya, ya je wurin Sarki Hui na Liang. Sarki ya yi masa ƙorafi: ina ɗawainiya da talakawana fiye da sarakunan maƙwabta, amma jama'ata ba ta ƙaruwa, tasu ba ta raguwa. Mengzi ya ce, tunda ranka ya daɗe kana son yaƙi, bari in ba ka misali da yaƙi. An buga ganga, makamai sun haɗu, sai sojoji suka yar da sulke suka ja makamansu suka zou. Wani ya tsaya bayan taku 100, wani bayan taku 50. Mai 50 ya juyo yana yi wa mai 100 dariyar tsoro, yaya ka gani? Sarki ya ce ba shi da bakin dariya, shi ma ai zou ɗin ya yi. To Baba, sojan da ya yar da sulke ba rangwaɗa yake yi ba. Daga nan aka sami karin maganar wushi bu xiao bai bu, mai taku hamsin na dariyar mai taku ɗari.

Tsohon_Hedimasta: Madalla, na gamsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ummu_Nagoya: Baba, a Japan ma tana nan, gojippo hyappo, amma sun cire dariyar, sun bar "taku hamsin, taku ɗari" kawai. Don haka a bakinsu ta fi kusa da "duk kanwar ja ce". In an tambayi mutum cikin 'yan takara biyu wa ya fi, sai ya taɓe baki ya faɗe ta.

Baƙon_Guangzhou: Ku da kuke ta tono littattafai, mu a titi muke jin abin. Shekara 9 ina unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou, lardin Guangdong. Mutanen Guangdong in suna yarensu na Kantonis, tafiya da ƙafa haang suke cewa, harafin 行, zau kuma barin wuri ne ko arcewa. Akwai ma zau gwai, kiran da masu talla a bakin titi ke yi in jami'ai sun doso, kowa ya naɗe tabarmarsa, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Saboda haka ba Japan kaɗai ta riƙe tsohuwar ma'anar ba, kudancin Sin ma bai saki ba. Masu Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, su ne suka sauya.

Hajiya_Yiwu: Tunda ana maganar zou, bari in ba ku abin kunyar da na yi, ko wani ya tsira. Akwai wani dattijo da nake sayen kayan kicin a wurinsa shekara da shekaru. Bayan annobar korona na koma, na tarar da 'yarsa a shagon. Na tambaye ta babanta, ta sunkuyar da kai ta ce "ta zou le". Ni kuwa abin da na sani shi ne "ya tafi". Sai na ce to yaushe zai dawo, zan jira shi, don shi ya san farashina. Yarinya ta fashe da kuka. Ashe rasuwa ya yi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Jimlar ɗaya ce, ko ya fita ko ya riga mu gidan gaskiya, fuskar mai magana kawai za ka karanta.

Maman_Hanan: Allah sarki Hajiya. Ai mu ma haka muke, "ya tafi inda ba a dawowa", "ya koma". Kowa na tsoron kiran abin da sunansa.

Hajiya_Yiwu: Haka ne 'yar'uwa. Amma yarinyar nan da zan fita sai da ta rako ni bakin ƙofa ta ce man zou, wato "tafi a hankali". Ita ce "sauka lafiya" tasu. Kuma in mai gida ya dage da rakiya, baƙo kan ce liu bu, "tsai da takunka", daidai da namu "haba, koma haka nan, rakiyar ta isa". Wannan jan-in-ja na bakin ƙofa, na rantse kamar a Katsina.

Ɗan_Damagaram: Ni ba Sinanci ba Japananci, amma ina kiwon dawaki, kuma na lura duk wanda ya koyo harsunan nan sai ya dawo da doki a baki. Wani ɗan gidanmu da ya yi karatu can ya ce min in Basine zai ce "yanzu-yanzu" sai ya ce "a kan doki". Gaskiya ne ko tsokanata yake?

Ɗalibin_Wuhan: Gaskiya ne Malam, mashang 马上. Sai dai mashang ɗin mai gyaran waya na iya kai ka la'asar, kamar "ga ni nan zuwa" ta tela ana jibi sallah. Dawaki sun cika harshen. Mai sauya wurin aiki don albashi ya fi tsoka, tiaocao ya yi, ya tsallaka zuwa wani komin abinci, kamar dokin da ya hango harawar maƙwabci. Sannan ga wadda ta dawo da mu kan tambayar Alhaji: zou ma guan hua, kallon furanni a kan doki mai zou. In zou tafiya ce, ai mahayi zai ga furen da kyau, har ya tsinka. Sai ka san sukuwa ce maganar za ta zauna: duba na sama-sama, irin na babban baƙo da aka zagaya da shi asibiti cikin minti goma. Ana danganta ta da mawaƙi Meng Jiao, wanda ya faɗi jarrabawar shiga aikin sarauta har sau biyu, sai a 796, ya haura shekara 40, ya ci. Don murna ya yi waƙa cewa a yini ɗaya ya zaga duk furannin Chang'an a kan doki. Chang'an ita ce Xi'an ta yau. Farin ciki yake nufi, na baya suka mai da ita zargi.

Ɗan_Damagaram: To ai shi ke nan. Kilisa daban, sukuwa daban. Wanda bai taɓa hawa ba ne zai haɗa su.

Ummu_Nagoya: Malam na Damagaram, ga naka na Japan. Yaron da aka aika ya tsaya wasa a hanya, sai a ce michikusa o kuu, yana cin ciyawar bakin hanya, kamar dokin da aka sakar wa linzami. Amma wadda na fi so ita ce gochisō. Duk wanda ya ci abinci a Japan zai rufe da gochisōsama. Haruffan chisō, 馳走, dukansu biyu gudu ne, na farkon ma da doki a jikinsa. Asalinta kai-kawon da mai gida ke yi don haɗa wa baƙo abinci. Wato ba daɗin miyar ake yaba wa ba, zirga-zirgar ake gode wa. Ranar da na gane haka sai na ji kamar ana ce min "sannu da ɗawainiya". Ga harafin Alhaji nan kuma a ciki, yana gudunsa.

Abu_Sumayya: Ni fa ban ga amfanin wannan dogon zance ba. Wannan ƙoƙarin da a Larabci kuka sa shi da ya fi muku.

Sarkin_Zolaya: Malam, ba an ce a nemi ilimi ko da a birnin Sin ba?

Abu_Sumayya: Malaman hadisi da yawa sun raunana wannan, kada ka jingina shi ga Annabi (SAW) kai tsaye.

Maman_Hanan: Gyaranka daidai ne Malam, amma koyon harshen wanda kake ciniki da shi ai ba ya buƙatar wannan hadisin. Alhaji haƙƙinsa yake karewa. A bar mu mu ƙaru.

Baƙon_Guangzhou: Ni abin da ya fi ba ni wahala ba karin magana ba ne, wasu 'yan ƙananan kalmomi biyu ne, lai da qu, wato zo da tafi. Ba za ka ce "fita" kawai ba, sai ka zaɓa: chulai ko chuqu. Shiga: jinlai ko jinqu. Komawa: huilai ko huiqu. Hawa, sauka, duk haka. Wani ɗan Ghana da muke zama tare, da Turanci yake tunani, har yau juya su yake yi. Yana cikin ɗaki ya ce wa mai kawo kaya jinqu, mutumin ya tsaya yana waige-waigen inda ake so ya shiga.

Tsohon_Hedimasta: Tsaya, tsaya ɗana. Maimaita min. In kana waje ka kira na ciki, wanne za ka ce?

Baƙon_Guangzhou: Chulai, Baba. In kuma muna ciki tare na kore shi, chuqu.

Tsohon_Hedimasta: To ai Hausa kake yi ba ka sani ba! Chulai fito, chuqu fita. Jinlai shigo, jinqu shiga. Huilai komo ko dawo, huiqu koma. Sauko da sauka, hawo da hau, taho da tafi. Wannan wasalin "o" da muke liƙa wa aikatau shi ne lai ɗinsu, yana jawo aikin zuwa inda mai magana yake. Shekara 31 ina koyar da shi, shi ne aji na 6 cikin azuzuwan aikatau 7 da Baturen nan masanin Hausa, Parsons, ya tsara a 1960, yara na hamma ina fama. Da na san akwai mutum fiye da biliyan da ke wannan lissafin kullum, da na sami abin tashe su daga barci. Kai da aka haifa da "miƙo" da "miƙa" bai kamata wannan ya kayar da kai ba. Ka daina bi ta Turanci, ka bi ta harshen uwarka.

Baƙon_Guangzhou: Innalillahi. Shekara 9, Baba. Shekara 9 ina haddace su ɗaya-ɗaya kamar lambar waya.

Ɗalibin_Wuhan: Baba ya buɗe ƙofa. Nalai kawo, naqu kai. Jilai aiko, jiqu aika. Har a abin da ba ƙafa: in Basine ya tuna abin da ya manta sai ya ce xiang qilai le, tunanin ya taso ya zo. Mu kuma mu ce "na tuno". Sai dai kada mu ce ɗaya suke sak. Su ɓangare biyun duk suna da alama, lai na zuwa, qu na tafiya. Mu zuwan kawai muke yi wa alama da "o". Kuma su suna iya jera uku, pao chu lai, gudu, fita, zuwa, mu sai mun ce "ya fito da gudu".

Ummu_Nagoya: Ni kuma ina ganin Japananci ya fi Sinanci kusa da mu a nan, ku yi min haƙuri mutanen Sin. Domin "o" ɗinmu ba alkibla kawai yake nunawa ba, yana nufin ka je can ka yi abu ka dawo. "Sayo min gishiri" ai ba gishirin ne ke tafiya ba, kai ne za ka je ka saya ka juyo. Japanawa na da wannan daidai: katte kuru, saya ka zo, sayo. Mite kuru, duba ka zo, dubo ko gano. Motte kuru kawo, motte iku kai. Kuma duk mai fita daga gida da safe zai ce ittekimasu, "zan je in dawo", na gida su amsa itterasshai, "je ka dawo". Ba a cewa "na tafi" a yi shiru, sai an haɗa da dawowar. Sai na dawo, a dawo lafiya.

Malam_Zazzau: Ummu, ina da ja. Mu in an kira mu mukan ce "ina zuwa". Na ji an ce Bajapane ba ya faɗin haka.

Ummu_Nagoya: Jan ka na kan hanya. Wannan ya taɓa kayar da ni a wurin aiki. Shugabar sashenmu ta kira ni daga wani ɗaki, na ɗaga murya na ce ima kimasu, "yanzu ina zuwa". Wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce ima ikimasu ake cewa, "yanzu zan tafi". A daidaitaccen Japananci kuru na abin da ke doso inda kake tsaye ne, kai kuwa barin wurinka za ka yi, don haka tafiya ce. Mu da Sinawa mukan ɗauki matsayin mai kiran, su lai le, mu ga ni nan zuwa. A nan kam Sin ta fi kusa da mu, na yarda. Ko da yake a Kyushu, wajen Fukuoka, yarensu na cewa kuru kamar mu.

Sarkin_Zolaya: To ku gaya musu "ina zuwa" ta Bahaushe ma kashi biyu ce. Akwai wadda mutum ke faɗa yana doso ka, akwai wadda yake faɗa yana ba ka baya, musamman in kana bin sa bashi.

Hajiya_Yiwu: Wannan ta biyun Sinawa na da sunanta, paolu, gudun hanya, mai kamfanin da ya kwashe kuɗin mutane ya cika wandonsa da iska. Ko su ce ya shafa wa tafin ƙafarsa mai. Duk ɗan kasuwa ya riƙe kalmar nan, in ka ji ana raɗa ta game da wanda ka ba kafin alƙalami, nemi tikiti.

Malam_Zazzau: Tambaya ta biyu. Karin maganar nan da ake yawo da ita, wai tafiyar mil dubu da taku ɗaya take farawa, wasu su ce ta Sin ce, wasu ta Japan. Ta wa ce?

Ɗalibin_Wuhan: Ta Sin ce, daga babi na 64 na littafin da ake danganta wa Laozi. Amma asalin bai ce taku ɗaya ba, cewa ya yi tana farawa daga ƙarƙashin ƙafarka, zu xia. Wato daga nan inda kake tsaye. Japanawa ne ke cewa ippo kara, daga taku ɗaya. Kuma ba mil ba ne, li ne, wanda a yau rabin kilomita ne. Ri na Japan, harafi ɗaya da li, ya kusa kilomita 4. Ka ga ko a nan Bajapane ya fi shan tafiya.

Tsohon_Hedimasta: Ina son in ji ko suna da kishiyar gaggawa, irin "sauri ya haifi nawa".

Ummu_Nagoya: Suna da ita Baba, har da wurin da aka haife ta. Isogaba maware, in kana sauri to zagaya. Matafiyan da ke bin tsohuwar hanyar Tōkaidō zuwa Kyoto in sun iso Kusatsu sai hanya ta rabu. Ko ka shiga kwalekwale daga Yabase ka yanke tafkin Biwa zuwa Ōtsu, ga kusa, amma iskar da ke gangarowa daga dutsen Hiei na iya hana tashi ko ta kifar da ku. Ko ka zagaya ta gadar Seta da ƙafa, ga nisa, amma za ka kwana da ranka. Na taɓa tsayawa a kan gadar, yanzu motoci ke bi, ba wanda zai ce karin magana ta fito daga nan.

Tsohon_Hedimasta: Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ko kalma ɗaya ba sai an ƙara ba.

Ɗan_Majalisa_Ba_Kujera: Ku bar ni in shigo da siyasa. Japanawa na da gyūho, tafiyar sa. A majalisarsu in ana ƙuri'ar da kowa zai taka ya kai katinsa gaban zaure, 'yan adawa kan tashi su yi ta jan ƙafa, taku ɗaya su tsaya, don a ɓata lokaci. A watan Yunin 1992, kan dokar da ta ba sojojinsu damar shiga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, an kwana ana wannan tafiyar, ƙuri'a guda ta ci fiye da sa'o'i 13. Dokar dai ta wuce. Mu da hawainiya muke misali, su da sa.

Sarkin_Zolaya: Gara su, da ƙafa suke jan lokaci. Wasu wuraren sandar majalisar ce ke yin hashiru.

Maman_Hanan: Ummu, ɗana na kallon zanen Japan, kullum ina jin kalmomi bibbiyu irin namu. Na tafiya ne?

Ummu_Nagoya: Da yawansu. Yochi-yochi tatatar yaro. Tobo-tobo tafiyar wanda duniya ta juya wa baya, kusan tinƙis-tinƙis. Suta-suta mai sauri ba waige. Noro-noro cunkoson mota. Uro-uro gararamba, bura-bura yawon shan iska. Mai maye kuma chidori-ashi, ƙafar wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai tafiya a karkace, tangaɗi ke nan. Malamarmu ta Japananci ta yi mamakin yadda nake cafke su da wuri, Turawan ajin na kuka. Na ce mata wanda ya taso da buguzum-buguzum da saɗaf-saɗaf da bazar-bazar ai gida ya zo.

Ɗalibin_Wuhan: Kafin a watse, Alhaji, na tuno wani harafin da ya yi irin abin da zou ya yi, kuma ya fi shi haɗari: qu 去 ɗin nan na Baƙon_Guangzhou. Yau qu Beijing na nufin zuwa Beijing. A tsohon rubutu kuwa barin wuri ne, in an ce Mengzi qu Qi, to ya bar ƙasar Qi ne, ba can ya nufa ba. Japanawa sun riƙe wannan ma, saru, barin wuri. Ragowarsa na nan a Sinancin yau cikin qunian, bara, shekarar da ta tafi, da qushi, barin duniya.

Malam_Zazzau: To ni a nan nake da matsala da ku. Kun ce Japan ta riƙe na asali, Sin ta sauya, kamar Japananci wani rumbu ne da ba a taɓa buɗewa ba. Su ma ai sun yi ta sassaƙa. Na karanta cewa akwai haruffan da su suka ƙirƙira.

Ummu_Nagoya: Ba wanda ya ce ba su taɓa komai ba, Malam. Tōge 峠 nasu ne: dutse, sama, ƙasa, wato ƙololuwar hanya inda hawa ke ƙarewa gangara ta fara. In majinyaci ya wuce mawuyacin hali sai a ce ya haye tōge. Tsuji 辻 mararraba, nasu ne. Hataraku 働, mutum da motsi, aiki ke nan, shi ma nasu ne. Ko 歩 ɗin aruku sun ƙara masa ɗigo ɗaya a kan na Sin. Kan zou da qu ne kawai muka ce sun riƙe tsohon.

Malam_Zazzau: To a faɗa haka. Don na ga Alhaji na shirin zuwa ya ce wa malaminsa Sinancinsa gurɓatacce ne.

Ɗan_Kwari: Haba Malam, ni da ko ƙirga kuɗi ban gama iyawa ba. Na gode muku duka, musamman Baba, daren jiya na zauna na rubuta shigo, fito, sauko, hawo, dawo, kowanne da lai a gabansa, abin ya zauna daram. Yau da mai kawo min yadi zai bar shago na ce masa man zou, ya juyo ya dube ni ya yi dariya ya ce wani abu da sauri, ban kama ko ɗaya ba. Amma har yanzu akwai abin da ya tsaya min. In zou ta huce ta zama tafiya, me ya sa da yaronsa ya ɓata lissafi ya daka masa tsawa ya ce zou kai, yaron kuma ya fita a guje?

Baƙon_Guangzhou: Wannan ba nahawu ba ne Alhaji, "ɓace min da gani" ce. Ko da Hausa aka faɗa maka ita ba za ka tsaya taku ɗai-ɗai ba. In ka ji ya koma gun 滚, wato mirgina, to kai ma matsa daga bakin ƙofar.

Hajiya_Yiwu: Kuma don Allah kada ka gwada wannan ta ƙarshen a kan kowa. Alhaji, in ya dawo gobe ka tambaye shi abin da ya ce, ka sa ya maimaita a hankali, man yidian. Ina son in ji.